Rigar Sanyi Cikin Bazara

Sallama gare ku, ku da kunka daɗe kuna biye da ni, da ku da kunka faɗo yau. Sunana Nasiba, matar marigayi Kailu, nan Filinge bayan kasuwa. Lakwal, makarantar boko, ko bakin ƙofarta ban taka ba. Ni ke magana, matar ɗana Balkisu ke dannawa a salula. Na gaya mata ta rubuta yadda na faɗa, in zagi ya fito ta bar shi, ba ita za a tambaya ba.

Godiya na zo yi yau. Amma sai kun fara jin ɓacin ran, in ba haka ba ba za ku san nauyin godiyar ba.

Sana'ata wankan jego. Mace ta haihu a unguwarmu, ni ake kira. In ɗora babbar tukunya, in zuba ganyen sabara da na dogon yaro, ruwa ya tafasa har ya yi ihu, in tsoma ganye in fyaɗa mata a baya da ciki tana kuka tana kiran uwarta. In dama mata kunun kanwa da yaji har hanci ya zubo. Tun ina da ƙarfin ɗaukar tulu biyu nake korar sanyi daga jikin matan garin nan. A wurina babu abokin gabar mace kamar sanyi. Haka uwata ta koya mini, haka tata ta koya mata.

Autata kuwa, Ruƙayyatu, ita ce ta yi karatu a gidanmu. Tana Yamai, injiniya ce a wani kamfani da ke ajiye wa bankuna da manyan 'yan kasuwa sha'aninsu cikin injuna. Abin da na sani ke nan a lokacin. Mai nemanta shi ne Yazid, ɗan gidan Alhaji Tahiru, wanda ke yawo da babur ƙauyukan Kurfai yana yi wa shanu da tumaki allura. Yaro mai kunya, ba ya wuce ƙofata bai sauka ya durƙusa ba. Iyaye sun gana, an raba goro, sa rana kawai ya rage.

Ranar sunan jaririn gidan Lawali mai ɗinki abin ya faru. Ni ke yi wa mai jegon wanka, don haka ina tsaye bakin tukunyar kunu da ludayi a hannu. Mata sun cika rumfa. Sai ga Ummul, ƙanwar Alhaji Tahiru, goggon Yazid, cikin shadda ruwan toka mai maiƙo har tana ƙara in ta motsa, ɗaurin kai ya hau sama, zobba a yatsa uku. Ta zauna tsakiyar tabarma ta ɗaga salula.

"Nasiba, zo ki ga ɗiyarki."

Na matsa. Ruƙayyatu ce cikin wata ƙatuwar rigar sanyi mai hula, ta ja ta har kunne bisa hijabinta, tana tsaye gaban wani baƙin akwati da ya fi ta tsawo, ƙananan fitilu kore suna ƙyalli a jikinsa. Tana dariya, ta ɗaga yatsa biyu.

"Wanga hoto cikin bazara anka ɗauke shi," in ji Ummul, ta ɗaga murya don na bayan rumfa su ji. "Bazarar da ko ƙadangare ke neman inuwa. Na tambayi Yazidu, ya ce ɗakin aikinta ke nan, awa firigo, kilim, injin sanyin nan, na busawa ba tsayawa. Ke da ke korar sanyi a jikin ɗiyan mutane, taki ɗiyar kin ajiye ta cikin ƙanƙara. Mahaifar da ta sha wanga sanyi, mi za ta riƙe? Mu gidanmu ba mu ɗauko mace don ado."

Salula ta shiga yawo hannu zuwa hannu. Wata ta ce "wayyo", wata ta ce "Allah sarki yarinya". Wannan "Allah sarki" ɗin ya fi mini zagi ciwo.

Na ce, "Ummul, albarkacin jaririn da anka raɗa wa suna yau, shi ya hana ludayin nan sauka a goshinki. Amma ki riƙe: nan kika faɗe ta, nan za ki janye ta, gaban matan nan."

Ta yi tsaki, ta gyara ɗaurin kai.

Ba a jima ba gidan Alhaji Tahiru sunka aiko wai a dakata da sa rana, za su yi shawara. Gari kuwa ya ɗauka. In na je famfo sai a ce, "Inna Nasiba, ya jikin Ruƙayya?" Ɗiyata lafiyayya, wadda ko ciwon kai ba ta cika yi ba! Wata har gida ta biyo ni da saiwa a ƙulle, wai ta jiƙa ta sha.

To ga abin da ban gaya wa kowa ba sai ku. Duk hargagin da na yi a rumfa, ni ma na tsorata. Don da a ce ɗiyar wata ce na gani a hoton nan, ni ma abin da zan faɗa ke nan a zuciyata.

Na sa Balkisu ta danna mini wurin murya. Na ce, "Ke Auta, wane irin ɗaki ne wannan da ake sa rigar sanyi cikin bazara? Ki gaya mini gaskiya tun ban zo ba."

Ta maido tana dariya: "Inna, sanyin na injuna ne, ba nawa ba. Ki kwantar da hankalinki."

Ita ba ta san an dakatar da sa rana saboda hoton ba sai daga baya. Da ta sani, dariyar ta ɗauke, saƙonninta sunka koma gajeru. "Lafiya lau, Inna." "Na ci, Inna." Uwa ta san irin wannan lafiya lau ɗin.

Shi kuma Yazid ya aiko mini murya, a hankali kamar mai tsoron tada barci: "Inna, ina wuni. Don Allah ki yi haƙuri da Goggo, tsufa ne."

Na ce Balkisu danna. "Ni ma tsohuwa ce, Yazidu, ka taɓa jin na tsaya cikin taro na yanke wa ɗiyar wani haihuwa? Daga salularka hoton ya fito. Goggonka ta yi magana, kai kuma ka yi shiru. Kada ka ƙara aiko mini haƙuri."

Na haɗa jaka: kanwa, citta, kanumfari, masoro, garin kunu. Na bar wa maƙwabciyata wankan matar Lawali, na hau motar Yamai. Niyyata ɗaya, in kamo hannun ɗiyata in fito da ita daga ɗakin nan, in gasa ta da ruwan zafi ko da ba ta haihu ba, sannan in ga wanda ya sa ta cikin ɗakin in gaya masa abin da uwarsa ba ta gaya masa ba. A Baleyara mota ta tsaya, mutane sunka sauka sayen nama da kopto, kwaɗon zogalen nan, ni ko ruwa ban sha ba, ina ta shirya zagin da zan yi.

Ginin dogo ne, duk gilashi. Mai gadi ya tare ni. "Hajiya, kina da randebu? An sa miki lokacin zuwa?"

"Ina da ɗiya a ciki. Ka kira mini babbanku."

"Sai da kati ake shiga."

"Da kati na haife ta?"

Na zauna a dandamalin ƙofar, na ajiye jaka, na ce ba inda za ni. Murya kuwa Allah ya ba ni. Kan a jima sai ga Ruƙayyatu ta fito a guje, atamfa shuɗiya da farin hijabi, wani kati na lilo a wuyanta. "Inna! Inna, don Allah, nan wurin aiki ne!" A bayanta wata mace ce ke tafe a hankali, doguwa, baƙa, takalmi shimfiɗaɗɗe, hannu ɗaya a ƙugu, ciki ya yi gaba kamar ta haɗiye tulu. Ido na sana'a, ina ganinta na san watanta ya kusa.

"Fofo, Inna. Sannu da hanya," ta ce da Hausarta ta Zabarmawa. "Ni ce Safiya, ni ce babbar da kike nema. Zagin a nan za ki yi, ko mu shiga inuwa ki sha ruwa ki ji daɗin yi?"

Wallahi sai na rasa ta inda zan fara. Na shirya wa namiji mai ƙaton tumbi, sai ga mai ciki tana mini murmushi.

Na zayyana mata komai, da hoton, da rumfa, da saiwar da anka kawo mini. Ruƙayyatu ta sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage. Madam Safiya ba ta yi dariya ba ko kaɗan, kuma wannan shi ne abu na farko da nake gode mata. Ta ce ɗakin ba a shigar da baƙo, ko ma'aikatan gidan ba kowa ke shiga ba, amma bari ta roƙi darakta. Ta daɗe a waya tana Faransanci, na ji dai tana maimaita "mama, mama". Ta ajiye ta ce, "An yarda. Amma jakar yaji ta tsaya nan, kuma kada ki taɓa komai."

Sunka sa mini irin rigar hoton. Ƙofar sai da ta ga katin Ruƙayyatu, ta kuma ji yatsanta, sannan ta buɗe.

Sanyi ya mare ni a fuska. Ƙara kuma kamar ruwan sama a kan kwano, ba ta tsayawa. Ɗaki ne babba, fari tas, amma kusan wayam. A ƙasa ana ganin shatin inda abubuwa sunka daɗe a tsaye, layi-layi, an kwashe su. Can tsakiya baƙaƙen akwatuna ne guda biyu kafaɗa da kafaɗa, da fitilunsu.

Na ce, "Duk ɗakin nan don waɗannan?"

"Da can cike yake, Inna," in ji Ruƙayyatu, tana ɗaga murya saboda ƙarar. "Bari in gaya miki yadda za ki gane. Aikin nan abu uku ne: wurin ajiya, wurin da ake sarrafa abin da anka ajiye, da hanyar da ke kai shi ga mai shi. Kamar rumbu, da murhu, da ɗan aiken da ke kai tuwo. To da can rumbun kamfani guda ya ƙera shi, murhun wani kamfani, hanyar wani daban. Kamar a ce rumbunki na Abala, murhunki na Baleyara, ke kina Filinge, kuma kowane da mai tsaronsa da yarensa. In tuwo ya yi latti, mai rumbu ya ce laifin mai murhu ne, mai murhu ya ce ɗan aike ne. Mutane na tsaye a banki suna jira, mu muna nan ciki muna bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci wuni guda."

"Wayoyin kamar taliyar da anka zubar," in ji Madam Safiya. "Ni na san su, sun ci mini ƙuruciya."

"Wannan kuwa," Ruƙayyatu ta nuna akwatin, ba ta taɓa ba, "duka ukun suna ciki. Tun daga inda anka ƙera shi anka haɗa su, anka gwada su tare, sun san juna. In ya yi ciwo mutum guda za mu kira, ba mai tura wa wani laifi. Na biyun kuma ɗan'uwansa ne, in wannan ya faɗi shi ya ɗauka."

"Ɗiyarki ce ta dame mu sai an kawo shi," in ji Madam Safiya. "Maza sunka ce yarinya ce, za ta zubar da kayan mutane a hanya. Ita ta kwashe komai daga tsofaffin zuwa cikin wannan, kaɗan-kaɗan, har ta gama ba wani mai kuɗi a banki da ya san an taɓa masa komai. Ranar da ta gama munka ɗauke ta hoton nan. Ni na ɗauka da hannuna."

Ashe hoton da Ummul ta yi yawo da shi a rumfa, hoton ranar da ɗiyata ta fi kowa a gidan nan ne. Na dube ta cikin rigar.

Amma sanyin dai yana nan, yana shiga mini ta ƙafa. Na ce, "To duk na ji. Sanyin fa?"

Ruƙayyatu ta kama hannuna ta zagaya da ni bayan akwatin. Jama'a! Wani huci ya buso mini kamar na buɗe tandar mai burodi. Na miƙa tafin hannu nesa kaɗan, na ji shi sosai. Ni da zafi ba a yi mini bayani.

"Wannan ai zazzaɓi gare shi!"

"Shi ke nan, Inna. Aiki yake ba hutu, jikinsa na ƙuna. In ba a busa masa sanyi ta gaba ba, ya ƙone. Fifita ake yi masa."

Na tsaya a nan bayan ina gasa gwiwoyina, har Madam Safiya ta ce in an bar ni zan ɗora tukunya.

Da munka fito sunka kai ni inda Ruƙayyatu ke zama. Tebur ne kusa da taga, rana na shigowa har kan kujera, ga kofin shayi, ga gilashin inji a gabanta da zane-zane kore. Ta ce daga nan take ganin rumbun da murhun da hanyar duka a fuska guda, daga nan take ba su umarni. Ɗakin sanyi yanzu sai in wani abu ya mutu a ciki, ta shiga ta zare ta sa sabo ta fito, shayinta bai huce ba.

Na juya ga Madam Safiya. "Ke kuma da kika ce wayoyin sun ci miki ƙuruciya, cikin sanyin nan?"

"Tun ban yi aure ba, Inna. Wuni nake a ciki."

"Wannan na fari ne?"

Ta shafa cikin. "Na biyar. Huɗu na gida suna cinye mini albashi."

Ban san lokacin da na yi guɗa ba. Cikin buro, tsakiyar wurin aikin mutane, gaban maza masu karabat ɗaure a wuya. Na kama hannunta biyu na ce, "Ɗiyata, ki yi mini alheri guda. Ki zo Filinge da cikin nan, ki tsaya gaban Ummul. Ba sai kin ce komai ba, ki tsaya kawai."

Ta yi dariya har tana riƙe ƙugu. Ta ce uwarta na Baleyara, ƙarshen mako za ta je gaishe ta, ƙarasawa Filinge ba wuya. Macen da ba ta san ni ba sai ran nan, da tsohon ciki, ta yarda ta sha wannan hanya don sunan ɗiyata. Allah ya sauke ta lafiya, ya raya mata abin da ta haifa. Ku ce amin.

Da anka tashi aiki munka je ɗakin Ruƙayyatu. Ɗaki ciki da falo, labule ruwan zuma, gado a gyare, hoton babanta a bango. Ta zubo mana dambu da kopto, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata.

"Inna, Madam Safiya ba za ta je ba."

"Ta ce za ta je."

"Ni zan hana ta."

Na ajiye cokali. "Ke, kina da hankali? Na samo shaidar da za ta rufe bakin garin nan, ki ce mi?"

"Shaidar mi, Inna? Cikin Madam Safiya nata ne, ba nawa ba. Yau ki nuna musu shi su yarda, a ɗaura aure. In shekara ta zagayo ban haihu ba fa? In biyu ta wuce? Ke kin fi kowa sanin akwai matan da ba su taɓa ganin kilim ba, kuma Allah bai ba su ba. Ran nan za a ce ɗakin ne. Kin ga kin ɗauko mini alkawarin da ba ni da ikon cikawa."

Kan in amsa ta ci gaba.

"Kuma wa za ki kai wa cikin? Goggo Ummul? Matar da ta yi aure uku ba ta taɓa ko ɓari ba? Ki tsayar mata da mai ciki gaban mata?"

Gaskiya ne. Duk Filinge an sani. Tana amarya anka ce wai ɗibar ruwan asuba a rijiyar fadama ne ya sa mata sanyi, da wannan maganar gida uku sunka sallame ta. Ita ta goyi Yazid da uwarsa ta rasu. Ni na san haka, fushi ne ya rufe mini ido.

"To sunanki fa? A bar shi a ƙasa?"

"Ba ke za ki ɗauke shi ba, Inna. Wanda hoton ya fita daga salularsa, shi ya kamata. Kullum sai ya rubuto mini: ki yi haƙuri, ina lallashinsu, ke ce farin cikina, da hoton fure. Na daina amsawa. Ni ba fure nake so ba. So nake in san in Allah bai ba ni ba, a wane gefe zai tsaya."

Na dube ta. Jiya-jiya nake goya ta ina tuƙa tuwo. Jakar yajin da na ɗauko don in gyara ta, na bar mata ita ta yi shayi.

Na dawo gida ban gaya wa kowa komai ba. Washegari bayan la'asar ina tankaɗe a tsakar gida na ji babur ya tsaya. Yazid ya yi sallama, ya shigo ya durƙusa nesa, takalmansa duk kashin shanu, fuska ta faɗa.

"Inna, an ce kin je Yamai. Ta daina amsa mini."

"Na je. Na ga ɗakin, na shiga, na fito, ga ni ban daskare ba. Amma ba wannan za ka ji daga bakina ba. Tambaya guda gare ni. Ka aure ta, shekaru su tafi, ba ta haihu ba. Mi za ka yi?"

Ya gyara durƙuso. "Inna, ni na tashi a bayan macen da ba ta haihu ba. Na ga yadda anka yi da ita. Ba zan yi wa Ruƙayya haka ba, ko da mu biyu za mu tsufa."

"Magana mai daɗi. Amma a tsakar gidana ka faɗe ta, daga ni sai kaji. Ita waccan a rumfar Lawali anka faɗe ta."

"Inna, taron mata ne. Ina namiji zai..."

"Matar Lawali na gama arba'in ranar Alhamis. Matan da sunka ji waccan duk za su dawo cin shinkafa. Ni ban ce ka yi komai ba."

Na ci gaba da tankaɗe. Ya tashi ya fita, na ji ya daɗe bai tada babur ba.

Ranar Alhamis na yi wa mai jego wankan ƙarshe, ta yi kitso da lalle, ta fito fes. Rumfa ta cika. Ummul na nan, wannan karon cikin leshi ruwan goro, ba ta dube ni ba, ban dube ta ba. Ana cikin rabon abinci sai munka ji sallamar namiji daga bayan katanga. Anka amsa, ana zaton mai kawo itace ne.

"Ni ne Yazid ɗan Alhaji Tahiru. Iyayena, ku gafarce ni, ba zan shigo ba. Magana guda zan yi."

Muryarsa na rawa kamar ta ɗan akuya. Mata sunka yi tsit, har mai jego ta cire nono daga bakin jariri.

"Hoton Ruƙayyatu da anka gani a nan, daga wurina ya fita, kuma na yi shiru, ban kyauta ba. Lafiyarta lau. Amma ko da ba haka ba ne, ita nake so. Haihuwa ta Allah ce. In ya ba mu, mun gode. In bai ba mu ba, ba mai fitar da ita daga gidana, kuma ba mai kiranta da wani suna ina raye. Goggo, ke kika goye ni. Ba cikinki na fito ba, kuma ban taɓa sanin wata uwa ba sai ke. Shi ke nan."

Munka ji takunsa yana tafiya da sauri, har ya yi tuntuɓe da wani abu.

Wata tsohuwa ta ce, "Ikon Allah, yau namiji ya yi magana ta katanga." Ba wadda ta yi dariya. Kowa Ummul yake kallo. Ta zauna kamar an dasa ta, shinkafa a hannu ba ta kai baki ba. Sannan ta mayar da ita cikin kwano, ta goge yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta miƙe.

"Gida uku na zauna," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Ba a samu ko guda da ya tsaya bayan katanga ya faɗi haka a kaina ba."

Ta juyo gare ni, idonta ya yi ja.

"Nasiba, nan na faɗe ta. Na janye. Ku duka kun ji, na janye. Tsoro ne ya sa ni, kada yaron nan ya ga abin da na gani."

Na daɗe ina tanadin abin da zan gaya wa matar nan ranar da ta janye. Ko ɗaya ban tuna ba. Na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na zuba mata kunu da hannuna.

Da za a watse ta kamo gefen zanena. "Yaya Tahiru ni zan gaya masa a sa rana. Amma yarinyar ba ta ji daga bakina ba. Lahadi ki raka ni Yamai."

To kun ji inda godiyata ta fito. Na gode wa Madam Safiya, na gode wa yaron nan da ya ajiye kunyarsa a bayan katanga, har Ummul na gode mata, don ba kowace tsohuwa ke iya haɗiye maganarta gaban taro ba. Sunan ɗiyata ya tashi daga ƙasa. Jiya a famfo ba wadda ta tambaye ni jikinta.

Saura ita mai sunan. Na sa Balkisu ta danna, na zayyana mata duk abin da ya faru, har tuntuɓen. Na ce, "Auta, Ummul na son zuwa ta same ki ranar Lahadi. In buɗe mata hanya ko in hana ta? Shi kuma yaron, mi zan ce masa?"

Balkisu ta ce alamar ta yi shuɗi, wato Auta ta saurara. Ta ce ga shi an nuna tana ɗaukar murya. Ta tsaya. Ta sake farawa. Ta sake tsayawa.

Ummul ta riga ta kama mana wuri biyu a motar Lahadi, gaba, kusa da direba. Ni kuwa da duk Filinge ta san ba na jiran kowa, ga ni zaune bakin murhu, wuta ta mutu ban tashi na gyara ba, salula a cinyata.